Ilu Mai Rijiya da Baƙonsa Malam Kwalam

Ilu mutumin Jajaye ne, ta wajen Rogo, kuma haƙar rijiya ya gada. Gajere ne kakkaura, irin jikin da mutane kan ce don rami aka yi shi. Da damina yana noman dawa da gyaɗa kamar kowa. Da an kai amfani gida sai ya saɓi dagi da igiya da kwando, shi da abokin aikinsa Barau mai jawo ƙasa, su shiga ƙauyuka. Daga Jajaye har Kafin Dafga, da wuya ka yi kwana uku ba ka sha ruwan rijiyar Ilu ba.

Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya haƙa a ƙasa mai rairayi. Yana saurayi wata rijiya ta taɓa rufto masa, ƙasa ta binne shi har ƙirji, da ƙyar aka zaro shi. Tun daga ranar, in ya damƙi ƙasa ya ji tana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa, sai ya kaɗe hannu ya ce a nemi wani.

Da ranin 1970 dagaci ya aika a kira shi.

"Ilu, baƙo za ka yi. Bature ne daga Kanada, cikin 'yan sa-kai da suka zo aikin ruwan sha. Kafin a tura shi wurin aiki, ana so ya yi wata biyu a gidan mutane, ya koyi Hausa da irin zamanmu."

"Ranka ya daɗe, ni? Me zan ba shi ya ci? Ko kujera ba ni da ita."

"Cewa aka yi abin da ka ci shi zai ci. Kada ka sauya masa komai."

Duk da haka Ilu bai yarda ya bar komai yadda yake ba. Ya share ɗakin soro ƙal, ya sayo sabuwar tabarma a kasuwar Karaye, ya aro cokali wurin malamin makaranta.

Ranar da mota ta sauke baƙon, sai ga saurayi dogo siriri, rana ta mai da shi ja kamar gauta. Ya durƙusa gaban mahaifiyar Ilu, Iya Saude, ya ce sunansa Malcolm.

Tsohuwa ta karkato kunne. "Wa? Malam Kwalam?"

Shi ke nan suna ya bi shi. Ya kuwa ci sunan, domin tun da ya ɗanɗani ƙuli-ƙulin Rabi'atu, matar Ilu, aljihunsa bai ƙara rabuwa da shi ba.

Hausarsa ta littafi ce, kowace kalma a kan ma'anarta yake ɗaukarta. Da safe Ilu ya leƙa soro ya ce, "Ina kwana?" Baƙo ya nuna tabarma ya ce, "A nan." Ilu ya danne dariya ya wuce. Da yamma suka dawo daga duba wata rijiya a ƙafa, Barau ya ce masa, "Ina gajiya?"

"A ƙafa," in ji Malam Kwalam. "Da baya kaɗan."

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ilu ya ja baƙonsa gefe. "Ka ga, ko ranka zai fita, 'ba gajiya' za ka ce."

"Maigida, ƙarya ke nan?"

"Ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce."

Cokali kwana uku ya yi aka mayar wa mai shi. Baƙo ya ce da hannu zai ci, ya luma yatsu tsakiyar tuwo mai zafi, ya zabura yana yarfe hannu. Ilu ya nuna masa daga gefe ake farawa. A hankali ya iya wanka da ruwan buta biyu, ya iya cire takalmi a bakin tabarma, ya gane ba a faɗa wa cikin gida sai an yi sallama an ba mata lokaci su kintsa.

A mako na uku zazzaɓi ya kayar da shi. Ilu ya goya shi a keke har ɗakin shan magani na Karaye, dogayen ƙafafunsa na jan ƙasa. Jiki ya yi sauƙi amma walwala ba ta dawo ba. Ilu ya same shi da hantsi yana riƙe da hoton uwarsa, ya yi tagumi. Sai ya shiga ya gaya wa Iya. Tsohuwa ta fito da ƙwaryar kunun tsamiya, ta zauna a bakin ƙofa.

"Kai, wannan miji nawa rago ne. Ɗan sauro ya kayar da kai? To na fasa auren."

Baƙo ya dubi Ilu a tsorace. Ilu ya ce, "Wasan jika take maka. Ka rama."

Malam Kwalam ya yi tunani, ya ce, "Iya, ke ma ba haƙori."

Iya Saude ta yi shewa, ta ce yanzu ya zama ɗan gida. Ya shanye kunun tas.

Akwai wata unguwa a gefen gari da ke kan rairayi, matanta sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami ruwa. Malam Kwalam ya ga haka, ya zo wa Ilu da shawara. Ƙungiyarsu za ta ba da siminti, a zuba manyan zobba, mutum ya shiga cikin zoben yana haƙa, zoben na nutsewa, ana ɗora wani a kai. Ƙasa ba ta da hanyar ruftowa.

Ilu ya girgiza kai. "Kai a takarda ka gani. Ni a ƙirjina na ji."

"To ni zan shiga."

Ilu ya ɗauka wasa ne. Amma aka zuba zobba suka bushe, aka sa rana, mutanen unguwa suka taru. Barau ya zura Bature da igiya. Tsawonsa ya hana shi sakewa a ciki, in ya ɗaga dagi sai gwiwar hannu ta bugi siminti. Kwana biyu yana fama, tafin hannunsa duk ya yi bororo. A rana ta uku aka jiyo muryarsa daga ƙasa.

"Maigida! Yau akwai gajiya!"

Jama'a suka kwashe da dariya, amma Ilu kunya ce ta rufe shi. Baƙonsa a rami, shi yana sama yana kallo? Me za a ce a gari? Ya tuɓe riga ya ce, "Barau, fito min da yaron mutane."

Ya yi bisimilla ya sauka. Gumi na zubo masa tun bai fara aiki ba. Ya dafa siminti da tafin hannu, yana jin rairayi na motsi a bayan zoben, amma ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗauki dagi. Kwana goma sha ɗaya bayan nan, a zurfin gaba tara, ƙasa ta yi danshi, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya bari ruwan ya kwanta, ya kurɓa, ya cika ƙwarya aka jawo sama. Tun yana ƙasa yake jin guɗar mata.

Da wata biyu suka cika, aka tura Malam Kwalam aiki can gabashin jihar. Rabi'atu ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli, Iya Saude ta ɗaure ƙafafun zakara ta miƙa masa, ta ce guzurin miji ne. Ya shiga mota rungume da zakara yana ta "Allah ya saka da alheri", idonsa ya yi rau-rau. Ilu ya bi motar da kallo, ya koma ya zauna a soro, ya ce wa Barau gidan ya yi faɗi.

Sau biyu baƙon ya kawo ziyara kafin ya koma ƙasarsu, daga nan sai wasiƙa jefi-jefi, malamin makaranta na karanta wa Ilu. Ilu kuwa ya riƙe aikin zobba hannu bibbiyu, har daga Karaye ake zuwa ɗaukarsa. Ya yi shekara goma sha biyar yana shiga rami kafin gwiwa ta ce ya isa. Ko bayan nan bai zauna a gida ba. Duk inda aka fara sabuwar rijiya za ka gan shi a baki kan buzunsa, yana leƙe, yana yi wa na ciki faɗa ya daidaita gefen dama.