Matar Da Ta Ƙi Yi Wa Dutse Ƙaryar Shekaru

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin gwaji. Ta jiƙa garin dutsen da muka haƙo, ta tace a rariya, ta shanya, sannan ta duƙufa a kan madubin ƙara girman abu da allura a hannu, tana tsintar ƙwanson ƙananan halittun ruwa da suka daskare a ciki. Da su ake ƙiyasta shekarun dutse, da shekarun kuma kamfani ke sanin inda zai bi ma'adini. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki.

Mu masu injin haƙa Anti Ban-sani-ba muke kiranta, don idan dutse bai nuna ba, abin da take rubutawa ke nan a gurbin shekaru.

Ina tsaye ranar da manaja ya shigo da takardar wani sabon fili.

"Anti, ga ƙwanso nan birjik. Sa hannu mana, mu wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, leƙa ka gani. Duk bakinsu ya goge. Ruwa ne ya kwaso su daga tsohon dutse ya zube a sabo. Shekarunsu daban, na dutsen daban."

"To, nawa ne na dutsen?"

"Ban sani ba."

"Kin san akwai masu son kujerar nan?"

"Wannan kam na sani."

A wani ofishin aka buga wa takardar hatimi. Wata goma sha huɗu muna huda ƙasa, ba mu fito da komai ba sai laka. Da manya suka zo neman mai laifi, aka ce ai ɗakin gwaji bai yi gargaɗi ba. Manaja ya samu ƙarin girma. Ita kuwa aka sallame ta saura shekara huɗu ta yi ritaya, da kyautar agogon bango a kwali. Abin yana ci mini rai har yau.

Anti, ke ce mai idon da ba a saye. Mun gode, Allah Ya saka miki. Masu tasowa, ku yi koyi da ita, kada ku yi koyi da ni. Ranar bincike an kira ni, an tambaye ni ko na ji ta gargaɗi manaja. Na tuna 'ya'yana, na sunkuyar da kai, na ce ban sani ba.