Ƙafar Haske da Sandunan Talle Masaƙi

Kakana Talle masaƙi ne, kuma in gaskiya za a faɗa, ba wani gwani ba ne. Ni jikarshi ce, ina da ikon faɗa mishi ido da ido, na kuwa sha faɗa. In na ce, "Maigida, wanga zane naka ko jaki ba ya yarda a shimfiɗa mishi," sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce in tafi Damana in tambaya wane ne Talle. Haushin abin shi ne gaskiya gare shi. Damana da Sanam da duk ƙasar Kurfai sun san shi, amma ba don zane ba. Don ƙafar yayarshi Haske anka san shi.

Uwarsu ta rasu shina jinjiri, shi ya sa anka sa mishi Talle. Haske, wadda ta girme shi da shekara goma sha biyu, ita ta goya shi, ta raine shi da nonon akuya da kunu. Da ta girma ta yi aure, mijin ya mutu ya bar ta da ɗiya uku. Ba ta zauna jiran kowa ba. Daddawar yakuwa take yi, ta aza bisa kai, ta taka daga Filinge ta ci kasuwa wagga, ta wuce waccan, wani lokaci har Damana. Ba ta da jaki, ba ta da gona mai kirki. Da ƙafarta take ci, da ita take ciyar da ɗiyanta.

Shekarar da nasara sunka fara gina bariki a Filinge, gardawa, wato dogaran nasara, kan tare duk wanda sunka gani da ƙarfi, mace ko namiji, a kai shi ɗaukar laka. Ranar nan sunka tare Haske ta fito za ta kasuwa. Tana bisa tsani da ƙwaryar laka, tsanin ya karye, ta faɗo. Cinyar dama ta karye tsakiya, anka ɗauko ta bisa ƙyauren kara anka kawo gidan Talle.

Anka kira Bawa maɗori. Bawa ba ƙaramin mutum ba ne, ɗori gadonsu ne tun kakan kaka, kuma shi kanshi ɗingishi yake yi, don ya taɓa karyewa a cinya shina saurayi. Ya yi yadda aka saba. Ƙarti huɗu sunka zo, biyu sunka riƙe Haske ta kafaɗa, biyu sunka ja ƙafar, tana ihu tana zagin iyayensu. Bawa ya daidaita ƙashi, ya yi tofi, ya jera kara ya ɗaure tam. Sannan ya ce a saki, anka saki.

Kwana uku bayan nan Talle ya shiga da fura, ya tsaya daga ƙarshen gado, sai idonshi ya sauka ga dugadugan yayarshi. Mutumin da ya yi shekara ashirin shina jera zare ba ya rasa ganin wanda ya gaza ɗan'uwanshi tsawo. Ƙafar dama ta ja baya da kamar yatsa uku. Ya ajiye furar ya nufi gidan Bawa.

"Baba, ƙafar nan ta gajarce."

Bawa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Cinya ce ai. Cinya ba ta komawa yadda take. Dube ni, ubana ya ɗora ni, kuma ƙasar nan ba a yi maɗori kamarshi ba. Ƙashi zai kama, za ta taka, ka gode Allah."

"Za ta iya zuwa Damana da kaya bisa kai?"

"Za ta iya zuwa rijiya," in ji Bawa.

Talle ya dawo ya zauna gindin masaƙarshi, ya kasa taɓa komi. Ya ce mini abin da ya hana shi sakat shi ne, da idonshi ya gani, lokacin da ƙartin nan ke ja, ƙafafun daidai suke. Sai da anka saki ta koma. To, a saƙa kowa ya san haka. Zaren da anka miƙe ana ɗaure bakinshi ga wani dutse da masaƙa ke kira kunkuru, kuma ba a sassauta shi sai an gama, in ba haka ba zanen ya tattare. Ƙato ba ya iya jan ƙafa wata biyu, zai ji yunwa, zai gaji. Dutse kuwa ba ya gajiya.

Ya tashi ya sa wuƙa ya yanke saƙar da ke kai, rabin zane, ya tuge sandunan masaƙa huɗu ya shiga da su ɗakin Haske. Ya faɗa mata abin da ya gani da abin da yake so ya yi, bai ɓoye mata ba cewa bai taɓa ganin an yi ba.

Ta dube shi ta ce, "Auta, in ka kashe ni, ɗiyana naka ne. Yi."

Kada wani ya ce muku ya dace tun farko. Kai, shirme ya yi ta yi! Ya fara ɗaure igiya a idon sawu ya kai ga dutsen a ƙasa, sai ƙafar ce ke jan dutse, dutsen na zaune abinshi. Ya kafa sandunan a ƙarshen gado, ya gitta ɗaya a sama, ya rataya dutsen ta kanta yadda guga ke rataye a bakin rijiya. Nan ya ja, amma kafin la'asar igiyar ta ci fata. Ya kwance, ya ɗauko ƙyallayen farin saƙi, ya jiƙa ƙaro ya manna su tun daga gwiwa har ƙasa, gefe da gefe, yadda jan zai bi duk ƙwabrin. Sai kuma Haske ta fara zamewa tana bin dutsen, ya tura duwatsu ya ɗaga gadon ta wajen ƙafa. Daga ƙarshe ya jefar da dutsen ma, don ya yi nauyi da yawa, ya rataya burgamin fata ya riƙa zuba rairayi da hannu. Karan da Bawa ya ɗaura kuwa bai taɓa su ba.

Saura ya san inda zai tsaya. Ya ɗauki zare, ya aza daga ƙashin ƙugu na ƙafar lafiya har dudduge, ya ƙulla. Ya zagaya ya aza ga ta dama.

Daidai nan Mairama maƙwabciyarsu ta ɗaga asabari da ƙwaryar kunu. Ku duba abin da ta gani. Haske miƙe samɓal, ido rufe don azaba, farin ƙyalle naɗe a jikinta, ƙanenta duƙe shina awonta. A wurinmu mutum ɗaya ake aunawa kwance, wanda za a gina wa kabari. Mairama ta saki ƙwarya ta fita da gudu tana salati. Kafin Talle ya miƙe, mata sun cika gida da kuka, maza sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofa, har wani ya tafi neman magina kabari.

Sai ga muryar Haske daga ɗaki: "Wace ce ta mutu? Mairama, kunun da kika zubar za ki dama wani!"

Wasu sunka yi dariya, amma dattawa ba su yi ba. Sunka ce wanga mugun fata ne, ba a awon mai rai, Talle na kiran wa yayarshi ajali. Ana cikin haka Bawa ya iso shina ɗingishi, ya leƙa ya ga sanduna da burgami na lilo a ƙarshen aikinshi. Ranshi ya ɓaci ƙwarai.

"Masaƙi, wa ya ba ka ɗori? Gadonku ne?"

"Baba, ban taɓa ɗorinka ba. Riƙe maka nake yi."

"Ka kwance wanga abu yanzu, ko in zare hannuna."

Kowa ya yarda in maɗori ya zare hannunshi, tofinshi ya tashi, ƙashi ba ya kamawa. Talle ya ce mini har ya kai hannu ga igiyar zai kwance. Haske ce ta hana. Ta ce, "Baba Bawa, ka yi mini aiki, na gode. Amma ni rijiya ba ta ishe ni ba. Auta, bar shi."

Bawa ya juya ya fita, jama'a sunka bi shi.

Kwana biyu Talle na ƙara rairayi hannu-hannu, Haske na cizon zane, har ƙullin zaren ya zauna ga dudduge. Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi jan wuya. Ba mai kawo mishi zare ya saƙa, ga masaƙar ma tana gindin gado. Mata na ratse ƙofar gidan. Mairama kaɗai ke shigowa, don kunya, ita ke yi wa Haske abin da namiji ba ya yi wa yayarshi. Talle ke shafa mata man shanu a baya kada kwanciya ta ci ta, shi ke sake ƙyalle in ƙaro ya saki, kuma kowace safiya sai ya aza zaren. Ita kuwa ta mai da zaginshi abincinta. Ta ce da ta sani da ta bar akuya ta raine shi ita kaɗai. Shi kuwa tsoro yake ji. Tsawo ya gani da idonshi, amma ko ƙashin na kamawa a cikin kara, wannan bai sani ba.

Anka yi wata biyu cur. Al'ada ita ce wanda ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma Talle bai da fuskar zuwa. Haske ta aiki Mairama ta ce, "Ki ce wa Baba Bawa, shi ya ɗaure, ya zo ya kwance kayanshi."

Ya zo da hantsi, rabin unguwa na bayanshi, kuma na rantse yawancinsu kallon kunyar Talle sunka zo yi. Bawa bai gai da kowa ba. Ya kwance kara, ya bi cinyar da yatsu, ya danna, ya sake dannawa. Ya ce a cire burgami, anka cire. Ya zauna ya jira, shina kallon dudduge ko zai ja baya. Bai ja ba.

"Ba ni zaren nan."

Dattawa sunka kalli juna. Bawa da hannunshi ya auna ta hagu, ya auna ta dama, ya sake, sau biyu. Ƙulli na ga dudduge. Ya ce a ɗaga Haske. Mairama da Talle sunka tallafe ta, ta kama sanda, ta sauke ƙafa biyu a ƙasa, tafin dama ya kwanta gaba ɗaya kamar na hagu. Mairama, wadda ta fara yi mata kukan mutuwa, ta rangaɗa guɗa, matan waje sunka amsa. Talle ya fashe da kuka, gemai-gemai da shi, gaban mutane.

Bawa bai tashi ba. Ya miƙe ƙafafunshi nan ƙasa, ya miƙa wa kakana zaren ya ce, "Auna ni."

"Haba Baba."

"Auna ni na ce."

Talle ya durƙusa ya auna. Yatsa uku. Bawa ya daɗe shina kallon wurin, sannan ya ce a hankali, "Shekara talatin da biyar, don ba a samu mai riƙewa ba." Ya share fuska da hannun riga, ya dafa sanda ya tashi. "Akwai mutum a Damana, raƙumi ya kada shi shekaranjiya, an aiko mini. Tuge sandunanka, Talle, tare za mu."

Tun daga ranar haka sunka riƙa yi, Bawa na ɗori, Talle na riƙewa, bayan rasuwar Bawa kuma Talle ya ci gaba da ɗiyan Bawa. Kayan aikin duka ba su cika bayan jaki ba, sanduna huɗu, igiya, ƙyalle, dunƙulen ƙaro da burgami wofi, don rairayi dai ba a zuwa da shi, ko'ina akwai shi a Kurfai. Ba kowa ya tashi daidai ba, ban ce haka ba. Amma an daina gudu in an gan shi da zare, har mutane kan ce a kira mai awo tun da wuri.

Haske ta yi damina tana koyon tafiya da sanda. Da kaka ta yi, ta jefar da sandar, ta aza daddawarta, ta bi ta gaban barikin nan da gangan, ta wuce Damana.

Na san ta tana da shekara saba'in da wani abu, ba ta daina cin kasuwa ba. Wata rana na bi ta, ina budurwa da ƙarfina, tun ba mu yi rabin hanya ba na fara haki ina roƙonta ta jira ni. Ta waiwayo da kaya bisa kai, ta buga cinyar dama da tafin hannu ta ce, "Ɗaga ƙafa, raguwa! Ni wagga ƙanena ya saƙa mini ita, kuma ita kaɗai ce saƙarshi da ta yi kyau."