Tandar Hermina da Aka Kafe a Bango

Mu da barci ya daina daɗewa a idonmu, tun gari bai waye ba muke jin ƙarar kekenta a kan tsakuwar tsakar gida. Sai ƙofar kicin, sai famfo, sai ɗan tarin nan nata na mai shaƙar hayaƙin mai. Hermina Sliacka ta iso ke nan. Shekara talatin da ɗoriya haka ta yi a wannan gida na kula da tsofaffi da ke ƙarshen garinmu, bayan tsohon kamfanin katako. Ni ce Vilma, wadda ta yi wa rabin matan garin nan gyaran gashi kafin ƙafafuna su ce sun gaji, aka kawo ni nan. Kun san bakina. Yau ma ba zan rufe shi ba.

Sauran ranakun mako Hermina takan dafa abin da aka ba ta ta dafa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne a mai da dankali da kabeji abin da mutum zai yi marmari. Amma Lahadi tata ce. Ranar ce ta lievance, 'yan wainarmu na fulawa. Takan ɗumama madara, ta jiƙa yis, ta kaɗa ƙwai, ta rufe kwanon ƙullun da tsumma ta ajiye shi gefen murhu, kuma kaiton wanda ya buɗe ƙofa iska ta shigo. Idan ya tashi sai ta sauko da tanda. Baƙa ce ƙirin, mai nauyi, mai gurabe masu santsi. Ta soke rabin ɗanyen dankali da cokali mai yatsu, ta tsoma a mai, ta zagaye kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ƙaramin ludayi. Da ya fara huda ƙananan idanu a sama, sai ta juya shi da tsinken saƙa. Ban taɓa ganin ɗaya ya kama mata ba.

A kai kuma sai kindirmo da ɗanyen 'ya'yan itace, ba na gwangwani ba. Farkon bazara sitiroberin lambunta. Tsakiyar bazara takan hau dutse ranar Asabar, ranar hutunta, ta tsinko čučoriedky, 'ya'yan nan shuɗɗa masu rina baki, ta sauko da bokiti a hannu da ciwon baya. Lokacin sanyi ta goga tuffar da ta ɓoye a ɗakin ƙasa na gidanta. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa tambayar ta daga ina suke fitowa.

Tandar ba ta gidan nan ba ce, ku riƙe wannan. Ta mahaifiyarta ce, ita ma daga tata uwar ta gada. Hermina ta zo da ita a kwandon keke shekarar da ta fara aiki, don ta ce kaskon gidan ko kare ba za a soya wa abu a ciki ba. Doka ɗaya ce a kanta: ba sabulu, ba ruwa. Tsumma kawai da ɗigon mai. Wata rana wata sabuwar ma'aikaciya ta ɗauke ta za ta jefa cikin ruwan wanke-wanke, har sama muka ji ihun.

"Ke! Ajiye! Ajiye, na ce!"

"Pani Hermina, ai datti ne ya yi mata kanta," in ji yarinyar, tana kiran ta da laƙabin girmamawar da muke yi wa mata.

"Dattin nan ya girmi uwarki. Shi ke soya wainar, ba ni ba. Je ki wanke fuskarki in wanki kike ji."

Hermina, ke ce kika tsaya lokacin da kowa ya tafi. Mun ga yadda motocin nan ke kwashe matan garinmu zuwa Ostiriya, su je su yi jinyar tsofaffin wasu. Ƙanwarki Blažena ta zo har kicin, a gabana, da sabuwar jaka a kafaɗa.

"Haba yaya, can fa tsoho ɗaya tak za ki kula da shi, ga ɗakinki, ga hutu. Me kika tsinta a nan ban da hayaƙi?"

"Tsohon Ostiriya yana da ku," kika ce mata. "Namu fa? 'Ya'yansu na can suna wanke na wasu. Matsa, kin tare min haske."

Ba don ba ki buƙatar kuɗin ba ne. Rufin gidanki yana yoyo har yau, na sani.

Wanda ya fi kowa shaida a kan Hermina shi ne Ujo Cyprián, wato Kawu Cyprián. Mai saran itace ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a dazukan kan dutse. Ɗansa ya kawo shi nan ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a gyara masa ɗaki. Da tsohon ya gane ba wani ɗaki da ake gyarawa, sai ya juya fuska bango ya daina ci. Ba faɗa, ba kuka. A kawo, a mayar. Nas ta yi lallashi, likita ya fara maganar saka masa roba ta hanci. Ranar Lahadi Hermina ta hau sama da faranti, ta ajiye a kan kujera, ba ta ce masa ci ba. Ɗakina yana daura da nasa, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina kasa kunne ba.

"Ujo, wata gardama ce ta kawo ni. Jiya na tsinko waɗannan a gangaren bayan maɓuɓɓuga. An ce min ku kuka sare wurin."

Can sai muryarsa kamar ƙofa mai tsatsa: "Bayan maɓuɓɓuga ba ya yin 'ya'ya. Inuwa ta yi yawa."

"To ga su."

"Ƙarya kike."

"Ɗanɗana ka ƙaryata ni da hujja."

Ya ɗanɗana ɗaya. Ya ce wannan na gefen rana ne, wajen tsohuwar bukkar makiyaya, wa za ta yi wa wayo? Ta ce to ta yiwu ta rikice, ya ƙara ɗanɗanawa da wainar don ya tabbatar. Da nas ta shigo ta tarar da faranti fes da tsoho mai shuɗin leɓe yana zagin matan zamani da ba su san gabas da yamma a dutse ba. Tun daga ranar, duk Lahadi sai an yi wannan gardama, kuma gardamar ce ta riƙe shi a duniya. Sauran kwanaki tsakura yake yi, don dai ya kai Lahadi.

Bara aka kawo mana sabon manaja, Pan Radovan, wato Malam Radovan. Yaro ne mai fara'a, mai gaisuwa, kuma da mugu ne da abin ya fi min sauƙi. Shi ya kawo tsarin da karin kumallo ke zuwa a mota daga birni, kowane a cikin ledarsa, a ɗumama a raba. Waina ma tana ciki, mai taushin soso, da ɗan jan abu mai zaƙi a ƙaramar roba. Shekarun ritayar Hermina sun cika, ba kuma wanda ya ce mata ta ƙara ko wata guda. Ba ta roƙa ba. Ta hau wurin Cyprián ta faɗa masa da bakinta.

"Shi ke nan, kin sayar da ni," ya ce.

"Wa zai saye ka? Ji nan, tsoho. Tanda tawa ce, da ita zan tafi. Duk Lahadi zan soya a gida in kawo maka da zafinta. Ka ji na rantse."

Saura kwanaki kaɗan ta tafi, tanda ta ɓace daga inda take ajiye ta. Na ga matar nan, da gwiwoyinta masu ciwo, durƙushe tana leƙa ƙarƙashin kowane kabad. Ta zazzage sito, ta tona kwandon shara da hannunta. Ba ta zargi kowa ba. 'Yan matan kicin sai sunkuyar da kai suke yi suna murmushi, ashe an ce su yi shiru, za a ba ta mamaki.

Ranar sallama aka tara mu a ɗakin cin abinci, masu sanda da masu keken guragu. An rufe wani abu a bango da farin zane. Pan Radovan ya yi jawabi a kan al'adun kakanni da yadda bai kamata a bar su su salwanta ba, sannan ya ja zanen.

Wayyo Allah. Tandar ce. An kai ta wurin masu gyaran ƙarfe sun kankare ta tas har ta yi fari. An shafe ta da man ƙyalli. A cikin kowane gurbi an zana fure ja da shuɗi, irin na rigunan rawar gargajiya. Aka kuma huda gurabe biyu aka ɗaure ta da kusoshi a jikin katako, sunan Hermina a ƙasa. Ku faɗa min, a wace ƙasa ce ban da tamu mutum zai ga abu yana aiki lafiya lau, ya ce bari ya kashe shi ya yi masa fure don girmamawa? Gidajenmu cike suke da irin wannan: ƙafar keken doki da fure, turmi da fure, dutsen guga da fure. Abin da duk ya tsufa, mu fenti muka sani.

Aka tafa. Har da ni, tir da hannuwana, don kowa na tafawa. Manaja ya miƙa mata kwali, sabon kasko mai aiki da lantarki, wai ba ya kama abinci.

"Kin ga, Pani Hermina, yanzu ba za a taɓa mantawa da ke ba. Da ƙyar fa suka fitar da baƙin nan."

Ta daɗe tana kallon bangon. Sannan ta ce, "Sun yi ƙoƙari. An gode, Pan manaja." Ta rungume kwalin ta fita, ba ta taɓa kek ɗin da aka yanka mata ba. Cyprián ne kaɗai bai tafa ba. Daga kekensa ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Saura mu. A kawo fentin."

Na yi zaton ba za mu sake ganin ta ba, kuma da ban ga laifinta ba. Ranar Lahadi sai ga ƙarar keke a kan tsakuwa. Ta shigo ta ƙofar baƙi, ta sa hannu a matsayin mai ziyara, a gidan da ta buɗe wa ƙofa fiye da shekara talatin. Kaskon lantarkin ta ba maƙwabciya. Ta sayo wata tandar ƙarfe sabuwa fil a kasuwa, ta yi ta ƙona mata mai duk mako. Wainar da ta kawo gefenta ya yage, wata ta kama, wata ta ƙone. Ta ja kujera ta zauna ta ba bangon nan baya.

Cyprián ya gutsura, ya tauna a hankali.

"Ba ita ba ce."

"Na sani. Ci."

"Yaushe za ta yi baƙi kamar waccan?"

"Waccan mu uku muka yi ta, da kakata da uwata da ni. Ci, na ce, tana hucewa."

Ya kalle ta, ya kalli hannuwansa. Mutumin ya kusa casa'in, ya iya lissafi. Ya ci rabi, don ita. Bai tambayi daga wane gangare aka tsinko 'ya'yan ba, kuma tun ranar bai sake tambaya ba. Yana ramewa, ina ganin wuyan rigarsa.

Hermina, uwar marasa masu ziyara, ke ce kike zuwa har yau, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, da kwano naɗe cikin tawul. Mun gode. Na gode a madadin waɗanda suka ci daga hannunki suka riga mu tafiya, da waɗanda hankalinsu ya gushe ba su san sunanki ba amma suna jin ƙamshi su washe baki. Ba mu tare miki komai ba ranar da ya kamata, muka tafa. Ki yafe mana.

Ku kuma masu karatu, ba na ce ku hau dutse ba, na san ba za ku hau ba. Ku zo dai ranar Lahadi da wani abu mai ɗumi a kwano, ku zauna ku yi gardama da tsohonku. In kuna da mai yi muku aiki irin nata, ku tambaye ta abin da take so kafin ku girmama ta. Sannan wanda duk ke da baƙar tandar uwarsa a ajiye, wadda sabulu bai taɓa ba, don Allah kada ya wanke, ya kawo wa Hermina tun Cyprián yana iya taunawa. Na riga na sa an yi cigiya a coci. Mutanen kirki sun kawo wasu, an jera min su a kan gado na duba ɗaya bayan ɗaya. Dukansu an zana musu furanni a ciki.