Fiton Dabo

Shekara goma sha takwas Dabo ya yi yana kiwon shanun Alhaji Iliyasu a Sara, bai taɓa ɗaga musu sanda ba. Fito kawai yake yi, garke ya juyo ya biyo shi. Da fiton nan yake ci da iyalinsa.

Wata damina, a shekarun da kuɗin fetur ya cika gari, yana cire wa wani bijimi kaska sai bijimin ya kaɗa kai, ƙaho ya fige masa haƙoran gaba biyu. Dabo ya tsince su cikin taɓo, ya ƙulle a tsumma. Alhaji ya ce ya bari sai ranar kasuwa, lokacin akwai mota.

Kwana shida ya jira. A asibitin Birnin Kudu, malamin asibiti ya kwance ƙullin, ya girgiza kai.

"Baba, da ranar ka zo, da an gwada mayar da su. Waɗannan sun mutu. Na roba sai Kano, kuma kuɗinsu ya kai na karsana."

Dabo ya koma ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya yi dariya, haƙorin Makkansa yana ƙyalli.

"Haba Dabo, da haƙori ake kiwo? Allah ya sawwaƙe."

Washegari Dabo ya koma kiwo, ya yi fito, iska kawai ta fita. Shanun ko kai ba su ɗago ba. Kafin kaka, Alhaji ya ba wani makiyayi garken.