Sahabi, Direban Da Ya Fi Ni Waƙa

Shekara tara ke nan da rasuwar Sahabi, kuma a bana ne kawai na samu ƙarfin zuciyar rubuta wani abu a kansa. A ranar zaman makoki mutane sun yi ta cewa ni ne amininsa na kusa. Ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su sani ba shi ne, a cikin shekarun da muka yi tare, ban taɓa jin kishin wani ɗan Adam kamar yadda na ji nasa ba.

Mu biyar ne muke haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar a zauren Malam Yahuza, nan Buza. Ni a lokacin mushe ne, wato malamin boko, a kolej, ina koyar da Faransanci, ina kuma taƙama da sanin ƙa'idojin waƙa. Malam Yahuza malamin allo ne mai rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Akwai wasu malaman lakwal biyu, masu koyarwa a firamare. Na biyar ɗinmu shi ne Sahabi, direban babbar mota a aikin raya ƙasa na Keita, wanda karatunsa bai wuce firamare ba. Ya shigo cikinmu ne lokacin da na biyar ɗinmu na da ya daina zuwa, muka rasa wanda zai cike gurbi.

Wasan da muke yi mun sa masa suna "ɗora". Mutum na farko zai rubuta ɗango ɗaya a kan takarda ya miƙa wa na kusa da shi. Shi kuma ya ɗora nasa, ya naɗe na sama, ta yadda kowa ɗangon da ke gabansa kawai yake gani. Dole amsa-amo ya zama ɗaya. In takarda ta zagaya mu biyar, an sami baiti. Ba a sa suna, kuma dole a gama kafin Malam Yahuza ya zuba shayin farko. Daga nan sai a warware takarda a karanta, wani lokaci mu yi ta dariya don baitin ya fara da damina ya ƙare da ciwon haƙori.

Tun a makon farko na gane akwai matsala. Ni ina zama ina auna kalmomi, ina neman na Larabci masu nauyi, ina gogewa ina sakewa. Sahabi sai ya karɓi takarda, ya kalli rufin zaure kaɗan, ya rubuta da wannan karkataccen rubutun nasa, ya miƙa. In aka zo karantawa, a kan ɗangonsa ake yin shiru. Ko da ba suna, kowa ya san nasa.

Wata Lahadi muka ɗauki zancen matan da ke kwasar duwatsu suna jera su a kan tuddan Keita, a ƙasar Adar, don tare ruwa. Ni na rubuta, "Matan Adar sun nuna himma da juriya." Na ji daɗin kaina. Da aka warware takarda, ga abin da Sahabi ya ɗora a ƙarƙashi: "Dutse bisa kai, ɗa bisa baya, suna dariya." Shi yake kai su wurin aikin a bayan motarsa kowace safiya, ya gan su da idonsa. Malam Yahuza ya ajiye butar shayi ya ce a sake karantawa. Na yi murmushi tare da kowa, amma shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Bayan wasu watanni aka yi taron malaman makaranta a Madawa, aka ba ni damar karanta waƙar matan Keita. Da na iso wannan ɗango, sufeton makarantu ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce a gaban kowa, wannan layin kaɗai ya isa ya nuna cewa mushe na Buza mawaƙi ne. Aka yi tafi. Kalma uku ko huɗu sun ishe ni in gyara zancen. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na ci gaba da karatu. Sai da na ɗago na hango Sahabi a bakin ƙofa, ya kawo wasu ma'aikata gari, ya ji labarin taron ya leƙo. Yana cikin masu tafi.

A waje na yi ta kewaye-kewaye don kada mu haɗu, amma ya same ni wurin da na ajiye moto, babur ɗina. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, wallahi ka karanta shi da kyau. Da ni na tashi gaban mutanen ga, da na ɓata shi." Na duba fuskarsa ina neman habaici, ban samu ba. Da ya zage ni a ranar, da na samu sauƙi.

Maimakon in ba shi haƙuri, sai na kawo sabuwar doka a zaure. Na ce wasanmu ya girma, daga yau kowane ɗango sai ya hau ma'auni irin na waƙoƙin malamai, ba amsa-amo kaɗai ba. Na san bai taɓa karanta wannan ilimi ba. Ya ce in rera masa misali, na rera. Mako biyu yana faɗuwa, ina gyara masa da jan biro kamar ɗan aji, ina jin daɗi. A mako na uku ya zo ya ce ya gane abin, yana buga shi da yatsa a kan sitiyari tun daga Keita har Buza. Daga ranar bai ƙara karya ɗango ba.

Lahadin ƙarshe da muka zauna da shi, shi ne na biyar, mai rufe baiti. Ya rufe shi da kyau ƙwarai. Na ce ɗangon ya karye. Bai karye ba, kuma Malam Yahuza ya kalle ni ya kau da kai. Sahabi ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya ce zai zo da wani mako mai zuwa. A tsakiyar makon zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi likita a Madawa. Na ce zan je ranar Asabar in na gama gyaran takardun jarrabawa. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi.

Bara, ƴarsa Rakiya, wadda yanzu take aikin jinya, ta zo ta roƙe ni in nuna mata layukan mahaifinta, don takardun duka suna hannuna. Muka zauna na yi ta sa musu alama ina miƙa mata, ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da muka iso waƙar matan Keita, na gaya mata abin da ya faru a Madawa, ban rage komai ba. Sai ta ce, "Baba Mushe, ai ya ba mu labarin tun ranar. Cewa ya yi da ba kai ka karanta ba, da ba wanda zai ji shi." Ina gaya wa mai karatu gaskiya, abin da na fara ji a lokacin ba sauƙi ba ne. Haushi ne. Mutum yana kabari, har yanzu ya fi ni.

Yau zauren Malam Yahuza ya koma shagon cajin waya. Wasan ɗora bai mutu ba, ya koma cikin salula. Muna da rukuni na mutum fiye da yadda zaure zai iya ɗauka, daga Allakaye, daga Tawa, har da ƴan ci-rani da ke turo ɗango daga Abijan. Ba a naɗe takarda, kowa yana ganin na kowa, kuma kowa da sunansa a saman layinsa. Nakan tambayi kaina abin da Sahabi zai ce. Ina jin zai so yawan mutanen, zai riƙa turo nasa da murya yana tuƙi. Sunayen ne ba na jin za su dame shi, ko a sa ko a cire. Ni ne suka dama, tun da can.

A cikin wannan rukuni ni ne babba. Suna ce mini gwani, in na turo ɗango sai yabo ya yi ta sauka. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da nake jin kishinsa, kuma na lura tun da Sahabi ya tafi ban rubuta layin da ya ba ni mamaki ba. Duk wanda na ɗan yi mai kyau a rayuwata, na yi shi ne ina zufa a wancan zaure, ina ƙoƙarin kada direba ya kunyata ni. Bai bar littafi ba, bai bar suna a jarida ba sai yau. Ya bar layuka ɗari da wani abu a hannun ƴarsa, da tsoho ɗaya a Buza wanda har gobe in ya gama ɗango yake jin tsoron abin da za a ɗora a ƙarƙashinsa.

Allah ya jiƙanka, Sahabi, ya haskaka makwancinka. Ni kuma ya yafe mini, don ko yanzu da nake rubuta wannan, na san da kai ne da ka faɗe shi a layi ɗaya.