Bajamushen da Ya Yi Gini a Tsakiyar Gona

Kakata Saratu ba ta taɓa wuce Kafanchan ba, amma ita ce ta fara kai ni Amurka. A ƙofar gidan hayarmu na Sabon Gari take tuyar ƙosai da yamma, kuma in ta kwashe na ƙarshe ba ta kashe wutar. Sai mu yaran gidan mu kewaye murhu, har da 'ya'yan maƙwabciyarmu Mama Ngozi, kowa idonsa na kan ɓurɓushin da ya rage a kwando. Gida ne mai cunkoso, in mutum ya yi atishawa a ɗakinsa daga naka za ka yi masa sannu.

Tana budurwa ta yi aikin girki a Samaru, a gidan wani Bature mai binciken noma. Matarsa jikar Jamusawa ce, irin waɗanda suka tsallaka teku zuwa Amurka neman ƙasar noma. Daga bakinta Kaka ta kwaso labarin, ta zuba masa gishiri da yaji har ya zama nata.

"Ga ta nan tafe daga bayan teku," in ji Kaka. Mu ce, "Ta iso, mun ba ta wuri."

Wai wasu iyalai ne suka sauka a wani fili iyakar ganinka, ba bishiya ko ta rataye hula. Hukuma ta yanka wa kowa gona kyauta, da sharaɗin ya zauna a cikinta. Da ƙasa mai ciyawa suke gini, da busasshen kashin shanu suke girki. Sauran suka yi dabara, kowa ya gina ɗakinsa a kusurwar da gonakin suka haɗu, don a riƙa ganin hayaƙin juna. Ɗaya ne ya ƙi. Sunansa na Jamus ya fi ƙarfin bakin Kaka, sai ta raɗa masa Hanisu. Ya ce shi matsi ne ya koro shi daga gida, ba zai sake zama inda maƙwabci ke jin tarinsa ba. Matarsa Marta ta yi magiya har ta gaji, ya je tsakiyar gonarsa ya kafa ɗaki.

Sai sanyi ya zo da dusar ƙanƙara. Kaka ba ta taɓa ganin ta ba, amma takan ce kamar a yi ta zazzage garin rogo daga sama har ya binne ƙofa. Ana cikin haka naƙuda ta kama Marta, Hanisu ya fita neman matan maƙwabta, ga hanya ta ɓace. Kullum dai in Kaka ta ba da labarin, yakan isa da ƙyar, matan su biyo shi, jariri ya faɗo lafiya. Da sanyi ya wuce ya rushe ɗakin ya koma kusurwa yana sosa ƙeya, mu kuma mu kwashe da tafi.

Wata shekara babana Ishaku, wanda ke kanikanci a Chikaji, ya sayi fili can bayan Basawa. Ya rufa ɗakuna, ba maƙwabci sai gonakin masara. Ya gaji da layin bayan gida da gorin mai gida, ya ce kafin damina ta kankama mun tashi. Mamata kuwa cikinta ya tsufa. Kaka ta ce ya bari a haihu tukuna, ya ce ya riga ya yanke. Ba ta sake ta da maganar ba.

Wata yamma ya dawo daga aiki ya zauna a benci bayanmu yana cin ƙosai. Kaka ta ɗauko labarin Hanisu, ta bi da shi yadda ta saba har ya fita cikin ƙanƙara. Daga nan muryarta ta yi ƙasa. Ta ce kafin matan su iso Marta ta haihu ita kaɗai, wuta ta mutu, jaririn ya yi sanyi. Hanisu ya ɗauki fartanya zai haƙa kabari, ƙasar ta daskare kamar dutse.

"Gonar da yake taƙama da ita," in ji Kaka, "ko taƙi ɗaya ta ƙi buɗe masa."

Na miƙe ina haki. "Kaka, ba haka ba ne! Ai jaririn ya rayu!"

"Yau bai rayu ba."

Baba ya ajiye ƙosan da ke hannunsa. "Mama, da ni kike ke nan."

"Ni da Bajamushe nake, Ishaku. Ko kai ne Hanisu?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Washegari dai muka ji yana gunaguni wai dama bai gama sa tagogi ba, tashi sai bayan haihuwa. Naƙudar kuwa da rana tsaka ta zo, ana tsuga ruwa, yana wurin aiki. Kafin a samo tasi Mama Ngozi ta karɓi ƙanena Bulus, har gobe tana cewa ɗanta ne ta ba mu aro.

Na daɗe ina jin haushin Kaka kan jaririn nan. Da na girma na ɗauka wayon tsofaffi ne kawai, ta tsorata ɗanta ta samu yadda take so. Ban ma ga laifin Hanisu sosai ba, wanda ya ɗanɗani zaman haya ya san abin da ya kai shi tsakiyar gona.

Sai bayan mun binne Kaka Baba ya gaya mini. Farkon aurenta, ita da kakanmu sun sari daji a bayan Samaru, suka zauna a bukka su kaɗai. A nan ta yi haihuwar fari, mijin ya tafi kiran mutane. Yaron bai kai ga suna ba.

"Daga bakin dangi na ji," in ji Baba. "Ita ba ta taɓa faɗa ba sai ranar, shi ma da sunan Marta."

Tun daga lokacin na daina tunanin yammar da ta bar jaririn ya mutu. Sauran yammacin ne ke tsaya mini a rai, da take zama gaban wuta ta kawo matan a kan lokaci, ta raya shi, mu kuma muna ta tafi.