Takunkumi Goma Sha Uku, Karnuka Goma Sha Huɗu

Yayata Raelene Kuchel ta girme ni da shekara huɗu, kuma har yau da nake da sittin da ɗaya "kai yaro" take ce min, da wuya ta kira ni da sunana Des. A gidan gona ɗaya aka haife mu, can bayan duwatsu, tafiyar awa huɗu daga Port Augusta in ruwa bai yanke hanya ba. Ni na gaji tumakin Baba. Ita ta yi aure a birni, ta yi shekara ashirin tana aikin jinya, da mijinta Merv ya rasu ta tattara komatsanta ta dawo gida. Raelene ba ta iya zaman banza ba. Cikin wata shida ta share fili a bakin kwazazzabo, ƙarƙashin itatuwan turare, ta kafa tankin ruwa da banɗaki biyu na kwano, ta rataye allo a bakin titi: A ZO DA KARE.

Dariya na yi mata, ashe ta fi ni hangen nesa. Gandun dajin gwamnati da ke maƙwabtaka da mu ba a shiga da kare ko da a aljihu ka sa shi. Tsofaffin nan kuwa da suka ajiye aiki suka sayi mota mai jan ɗaki, rabinsu da kare suke yawo, wasu ma sun fi ji da shi a kan jikokinsu. Daga Mayu zuwa Satumba zangon Raelene ba ya rabuwa da mutane. Tana sanin sunan kare kafin ta san na mai shi. Tata karyar, Biddy, tsohuwa ce ja mai farin baki, shekararta goma sha biyu tana bin diddigenta.

Matsalar kuwa ni ne. Lokacin da baƙinta ke cika zango, lokacin ne tumakina ke haihuwa, kuma lokacin ne karnukan daji ke gangarowa daga duwatsu. Wanda bai taɓa wayar gari ya tarar da 'yan raguna talatin an farke musu ciki an bar su ba, kada ya yi min wa'azi. Dole nake ajiye nama mai guba, kamar yadda kowane makiyayi a yankin nan yake yi. Gubar nan ba ta da makari. Yanka ɗaya da bai kai tafin hannu ba ya isa.

Mun yi rigima a kan wannan har muka yi sati ba ma shan shayi tare, sannan ta kafa min sharuɗɗa. Ba zan watsa nama daga mota yadda wasu ke yi ba. Kowane yanka sai na ɗaure shi da waya a jikin turke, kuma turke mafi kusa ya zama kilomita biyar daga zango. Sai na share yashin da ke kewaye da kowane turke da manjagara, don da safe in karanta sawun abin da ya ɗauka. In na ga sawun karen daji, hankali kwance. Haka muka yi shekara tara ba a ji kanmu ba.

Ranar wata Talata a watan Yuli na fita zagaye da sassafe. A turke na ƙarshe, wanda ya fi kusa da zango, na tarar waya a warware, nama babu. Na durƙusa na duba yashi. Babu sawun kare ko ɗaya, sai ƙananan yatsu uku-uku ko'ina. Hankaka ne. Hankaka ba ya cinyewa a wurin, tashi yake da abu, in ya gaji ko 'yan uwansa suka matsa masa ya sake shi inda ya ga dama. Kuma duk hankakin yankin nan a zangon Raelene suke karya kumallo, saboda ɓawon burodin da baƙi ke zubarwa.

Wallahi na yi tunanin yin shiru. Na ce ƙasar nan faɗi gare ta, ta yaya zai faɗo a zango? Na kunna mota na nufi gida, ban yi nisa ba na tsaya na ɗauki oba-oba.

"Yaya, kina ji na?"

"Ina ji. Me ka fasa kuma?"

"Turke na ƙarshe. Hankaka ya ɗauke."

"Murɗi nawa ka yi wa wayar?"

"Biyu. Hannuna ya sandare da sanyi."

"Kai yaro," ta ce, ba ta ƙara ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kafin in iso ta riga ta zazzage akwatin takunkumi a kan tebur, tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓoye wa kowa komai ba. Wani mai ƙaton tumbi ya ce karensa ya yi makaranta, ba ya cin abin ƙasa.

"To madalla," in ji Raelene. "In ya iya karatu sai ya karanta wancan allon, hanyar fita ke nan. Ko takunkumi ko titi, Malam, zaɓi ɗaya."

Ya sa masa yana gunaguni. Karnuka goma sha uku na baƙi, takunkumin akwati goma sha biyu. Wadda ta rage wata dattijuwa ce daga Adelaide, Lorna Petrakis, da wani ɗan kare fari mai rawar kai wai shi Pikelet. Matar ta rungume shi, ta ce motarta tana jiran bakanike, ba ta da yadda za ta tafi. Raelene ta shiga ɗaki ta fito da na goma sha uku, na fata, wanda ke rataye a bayan ƙofarta. Ta huda masa sabon rami da ƙusa don ya kama ɗan bakin.

"Yaya, ai na Biddy ne wannan."

"Biddy a nan aka haife ta. Ta san warin abin nan tun tana 'yar kwikwiya. Ba ta taɓa kallonsa ba."

Ban musa ba, don ni ma haka na yi imani. Duk makiyayin da ka tambaya a nan zai ce maka karen gida ya sani. Ban san wanda ya fara faɗin wannan shirmen ba.

Muka jera mutane sahu, kowa da sanda, muka fara bin filin taki-taki. Jar ƙasa, jan dutse, naman kuma ya bushe ya yi ja. Duk ɓawon itace sai gabana ya faɗi. Hankaki na zaune a saman tanki suna kallonmu, ji nake kamar in ɗauko bindiga in ƙarar da su. Mun bi bayan banɗakuna, mun leƙa ƙarƙashin kowace mota, mun gangara busasshen rafi har inda kwazazzabo ya tsuke. Rana ta take tsaka ba mu ga komai ba. Mai tumbin nan har ya fara cewa an tashi hankalin mutane a banza.

Muna dawowa Raelene ta waiwaya diddigenta. "Ina Biddy?"

Tana ƙarƙashin tanki, inda ruwa ke ɗiga, a inuwa. Tana lasar baki. A gabanta akwai guntuwar waya mai murɗi biyu.

Ban taɓa ganin mace mai shekara sittin da biyar ta yi gudu irin haka ba. Kullum akwai sodar wanki a aljihun rigarta lokacin haihuwar tumaki. Ta danne karyar tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe bakin ta tura mata ƙwara biyu har maƙogwaro. Biddy ta yi amai, naman ya fito, amma ya riga ya yi laushi.

"Des, shebur! Aman nan ma kisa yake. Kowa ya riƙe karensa!"

Na haƙa rami na binne, na ɗora dutse. Na ce mu kama hanyar likitan dabbobi. Ta dube ni irin kallon da take yi wa dangin majiyyaci. Awa huɗu ce, kuma dukanmu mun san ko mun isa babu abin da zai ba ta. In an yi sa'a aman ya rigayi gubar. In ba a yi ba, kafin la'asar za mu sani.

Ta ɗauke ta ta sa a bayan akori-kura, muka hau can saman kwazazzabo, nesa da sauran karnuka. Muka zauna a kan dutse. Biddy ta ɗora haɓarta a kan takalmin Raelene. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta tashi ta sha ruwa har ta kaɗa wutsiya, na ji zuciyata ta fara sauka. Na buɗe baki in ba da haƙuri, Raelene ta ɗaga min hannu. Idonta na kan kunnuwan karyar, tana ƙirga numfashinta da agogo.

Wajen ƙarfe uku Biddy ta miƙe zumbur tana kallon abin da babu. Ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta fara zagaye tana karo da duwatsu. Raelene ta kira sunanta, ba ta gane muryar ba.

"Ɗauko bindigar da ke mota," ta ce.

"Yaya, bari ni in..."

"Ni ta bi shekara goma sha biyu. Ɗauko ka ba ni."

Na ba ta, na juya baya.

Da muka sauko zango mun tarar kowa ya ji ƙarar bindigar. Lorna ta taho tana hawaye, tana ƙoƙarin kwance takunkumin fatar daga bakin Pikelet don ta mayar. Raelene ta riƙe mata hannu, ta durƙusa ta duba ɗaurin, ta ƙara matse shi.

"Bar masa, baiwar Allah," ta ce. "Ban tabbata Biddy ta cinye naman duka ba."